Zan jagoranci matasa a gasar buɗaɗɗiyar manhaja: wane shiri ya kamata in yi kafin a buɗe?

Sabuwar_Jagora ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Kimanin shekara uku ke nan ina ba da gudummawa ga wata buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya ganin kod ɗinta (umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) ya kuma taimaka wajen gyara ta, da ake rubutawa da harshen kwamfuta na Python, kuma a bana masu kula da ita sun amince mu shiga wata gasa ta matasa 'yan shekara 13 zuwa 17, wadda aka tsara a kan salon Google Code-in. Ga wanda bai san ta ba, Code-in gasa ce da kamfanin Google ya riƙa gudanarwa kowace shekara daga 2010 zuwa 2019, inda ƙungiyoyi irin su Wikimedia da KDE da Drupal da Apertium suke fitar da ƙananan ayyuka, yara su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya suna kammalawa, jagorori kuma suna dubawa. An nemi in shiga cikin jagorori, na amsa, kuma saura mako shida a buɗe.

Na saba duba gyare-gyaren manya, waɗanda suka san Git, wato manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da aka yi wa kod, kuma idan na rubuta musu cewa gwajin bai wuce ba sun san inda za su dosa. Ban taɓa aiki da yaro ɗan shekara 14 ba, kuma wannan shi ne abin da ke damuna. Jiya na zauna na rubuta ayyuka goma sha biyu da nake son in fitar, da na sake karanta su da safe sai na lura cewa kusan dukkansu abubuwa ne da ni kaina na daɗe ina ɗage su, ko don wahalarsu ko don gajiyar da ke cikinsu. Zuciyata ba ta kwanta da in ɗora wa yara abin da na guje wa ba.

Saboda haka ina roƙon wanda ya taɓa yi ya faɗa mini yadda ake rubuta aikin da ya dace da mai koyo, da kuma yadda ake gyara wa yaro kuskure ba tare da an sa masa sanyin gwiwa ba. Ina da aikin da nake zuwa kullum, don haka ina son in san gaskiyar lokacin da abin zai ci, kada in ɗauki alkawarin da zan kasa cikawa a tsakiyar hanya.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba da sa'a. Na yi jagoranci sau uku a Code-in, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki ajiye jerin ayyukan nan tukuna, ki koma bakin ƙofa. Yawancin yaran da za ki rasa a can za ki rasa su, tun kafin su rubuta layi ɗaya na kod, wato wajen girka manhajar a kwamfutarsu. Ki samo kwamfutar da ba a taɓa yin aikinku a kanta ba, kuma ya fi kyau ta kasance mai Windows, domin ita ce a hannun yara da yawa, sannan ki bi takardar girkawa layi bayan layi, ba tare da kin yi amfani da abin da ke cikin kanki ba. Ranar da na yi wannan gwaji na tarar takardarmu ta tsallake matakai huɗu. Ba ta faɗi sigar Python da ake buƙata ba, ba ta ambaci wani laburare, wato tarin kod da manhajar ke dogaro da shi, da kowannenmu ya girka tun shekarun baya ya manta ba, kuma umarnin da ta bayar na Linux ne kaɗai, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta daban da Windows. Babba zai yi bincike ya wuce wurin. Yaro kuwa zai ɗauka shi ne bai iya ba, ya rufe kwamfuta, ba za ki ma san ya taɓa zuwa ba.

Zan ba ki misali guda da har yanzu nake tunawa. Wani yaro ya ɗauki aikin gyara kalma ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a cikin wani fayil. Ya gyara, ya turo, sai Git ya nuna cewa kusan layi 600 sun canza, wato fayil ɗin gaba ɗaya. Dalilin shi ne Windows yana rufe kowane layi da alamomi biyu da ido ba ya gani, Linux kuma da alama ɗaya, kuma editan yaron ya sauya su duka ba da saninsa ba. Kafin in farka in gani, ya riga ya rubuto saƙo yana ba da haƙuri cewa ya lalata mana aiki, yana tambaya ko ya janye daga gasar. Laifinmu ne, domin fayil ɗaya mai suna .gitattributes, wanda ke gaya wa Git yadda zai daidaita ƙarshen layuka, a cikin rumbun da ake ajiye kod ɗin ya isa ya hana faruwar hakan. Tun daga ranar nake duba irin waɗannan ramuka kafin a buɗe gasa.

Game da rubuta ayyuka, ƙa'idar Code-in a lokacinta ita ce aiki ya kasance wanda ɗalibi zai iya gamawa cikin awa uku zuwa biyar, ko da yake ana ba shi kwanaki kafin wa'adi ya cika. Awannin nan na ɗalibi ne, saboda haka abin da ke zai ɗauke ki rabin awa shi ne ma'aunin da ya dace. Aiki irin "a inganta shafin rajista" ba shi da amfani, domin yaro bai san inda zai fara ba, ke ma ba ki san lokacin da za ki ce ya gama ba. Ki rubuta shi haka: a shafin rajista, idan mutum ya bar gurbin imel babu komai ya danna maɓalli, babu saƙon gargaɗi da ke fitowa, a ƙara wannan saƙo, ga fayil ɗin da za a taɓa, ga wani shafi da aka riga aka yi irin wannan a cikinsa don koyi, za a karɓi aikin idan saƙon ya fito kuma an rubuta gwaji ɗaya da ke tabbatar da hakan. Jumlar ƙarshen nan ita ce mafi muhimmanci, domin ita ce ke raba gardama idan yaro ya ce ya gama ke kuma kina ganin da saura.

Kada ki tsaya a kod kaɗai. A lokacinta Code-in tana da rukunin ayyuka biyar: rubuta kod, rubuta takardun bayani da horarwa, bincike da yaɗa labarin manhaja, gwajin inganci, da kuma zane. Yara da dama sun shigo ta hanyar gwada manhaja su ba da rahoton tangarɗa, daga baya suka zama masu rubuta kod na gaske. Ayyuka goma sha biyu kuma ba za su kai ko'ina ba. A zagayen 2019 ƙungiyoyi 29 ne suka shiga, ɗalibai sama da 3,500 suka kammala ayyuka sama da 20,000 cikin kimanin mako bakwai. Gasarku ba lallai ta kai haka ba, amma tururuwar makon farko iri ɗaya ce a ko'ina, don haka ki tanadi ayyukan da yara da yawa za su iya yi kowa da nasa, ki kuma ɓoye wasu ki riƙa fitarwa mako-mako.

Batun lokaci kuwa, a zamanin Code-in ana son jagora ya amsa cikin awa 36, kuma tun da ɗalibi aiki ɗaya kawai yake iya riƙewa a lokaci guda, duk jinkirinki tsayuwa ce a gare shi. Ni awa ɗaya zuwa biyu nake bayarwa kullum, har da ranakun hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ki tabbata kowane aiki yana da jagora biyu.

Malama_Mai_Bita ta rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan shiri, ni kuma zan taɓa tambayarki ta biyu, domin koyarwa ce sana'ata kafin in shiga harkar manhaja. Idan aiki ya zo miki da kurakurai goma, kada ki zayyana goman a lokaci ɗaya. Ki fara da faɗin abin da ya yi daidai, kuma ki faɗe shi takamaimai, misali cewa sunan da ya ba wannan fankishin, wato guntun kod mai yin aiki guda, ya bayyana aikinsa sarai, domin yaro yana gane yabon da aka yi don sallama. Daga nan ki ɗauki biyu ko uku da suka fi nauyi, ki bayyana dalilin kowanne. Kurakuran tazara da tsarin rubutu ki bar wa na'ura: ki saka manhajar da ke duba salon kod ta yi aikin da kanta a duk lokacin da aka turo gyara. Yaro yana karɓar gyaran na'ura ba tare da jin kunya ba, ke kuma sai ki adana kalmominki don abin da ke buƙatar tunani.

Jarabawa mafi girma da za ki fuskanta ita ce sha'awar gyarawa da hannunki. Kina ganin kuskuren, kin san minti biyu ya ishe ki, dare ya yi, ga wasu ayyuka biyar suna jira. Idan kika gyara, aikin ya wuce amma yaron bai koyi komai ba, kuma zai dawo da kuskuren a aiki na gaba. Abin da nake yi shi ne in yi tambaya: me kake ganin zai faru a layi na 23 idan jerin ya zo babu komai a ciki? Wata yarinya da na yi wa irin wannan tambaya ta yi shiru kwana ɗaya, har na fara tunanin na kore ta, sai ga ta ta dawo da gyaran, ta kuma haɗo da gwaji na yanayin da ni kaina ban yi tunaninsa ba.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba amma dole a faɗa, wato cewa waɗannan yara amana ne, shekarunsu ba su kai na manya ba. Duk magana da su ta kasance a fili, a zauren tattaunawar manhajar ko a shafin aikin, inda sauran jagorori ke gani. Idan yaro ya aiko miki saƙo a keɓe, ki amsa masa da ladabi cewa ya maimaita tambayar a zaure, ki kuma nuna masa cewa amsar za ta amfani wasu. Kada ki nemi lambar wayarsa ko hotonsa ko sunan makarantarsa, kuma kada ki fitar da aikin da zai tilasta masa nuna fuskarsa a bidiyo. A lokacinta Code-in ba ta barin ɗalibi ya yi nisa sai da takardar amincewar iyaye, kuma ki tabbatar masu shirya gasarku sun tanadi irin wannan. Ku sanar da tsofaffin masu ba da gudummawa tun yanzu cewa yara na zuwa. A kusan kowace manhaja akwai gwani mai kaifin harshe wanda manya suka saba da shi, amma jumlarsa ɗaya ta isa ta kori ɗan shekara 13 har abada. Ku karanta ƙa'idojin ɗa'a na zaurenku tare, ku kuma san wanda za a kai wa ƙara idan wani abu ya faru.

Mai_Kula_Da_Rumbu ya rubuta:

Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ina da ja a kan shawarar Malam ta yawaita ayyukan da kowa zai iya maimaitawa. Ni ne nake haɗa gyare-gyare a manhajarmu, kuma na ga abin da ke biyo baya idan aka bar yara suka fahimci cewa lissafi ake yi. Za su bi ayyuka masu sauƙi suna tarawa, jagorori su gaji da duba abu iri ɗaya sau hamsin, yaron da ya zauna kwana biyar a kan matsala mai wuya kuma ya ga kamar shi ne ya yi asara. Google ma sai da ya gyara tsarinsa a kan wannan. A shekaru biyun farko maki ake tarawa, amma daga 2012 aka bar wa kowace ƙungiya ta zaɓi gwarazanta biyu da kanta daga cikin waɗanda suka fi ƙoƙari, tana duban ingancin aiki da yadda ɗalibi ya yi mu'amala da jama'a, kuma su ne ake kaiwa ziyara hedikwatar kamfanin a Kalifoniya. Daga baya kuma an taƙaita ayyukan masu farawa zuwa biyu ga kowane ɗalibi. Wanda ke son ya ga ƙarshen tara lamba ya tuna Hacktoberfest na 2020, wato shirin watan Oktoba da a wancan lokacin ake ba da riga ga masu tura gyara ga buɗaɗɗun manhajoji, lokacin da aka yi wa masu kula da manhajoji ambaliyar gyare-gyare marasa ma'ana saboda neman riga, har sai da masu shiryawa suka sauya ƙa'ida a cikin watan, suka ce sai manhajar da ta nuna tana so za a lissafa.

Shawarata ita ce ku rubuta ma'aunin zaɓen gwaraza ku bayyana shi tun ranar farko, kuma ku sa taimaka wa sauran ɗalibai a cikinsa.

Abu na biyu shi ne kwafe. Yara da yawa ba su san cewa kod yana da lasisi ba. Abin da ke Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta kod, yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, wanda ke buƙatar a ambaci mai shi, kuma kod ɗin da ke ƙarƙashin lasisin GPL, mai tsauraran sharuɗɗa, ba a ɗaukarsa a zuba cikin manhaja mai lasisin MIT, mai sassauci, a ci gaba kamar ba a yi komai ba. Haka hotuna da ake ɗebowa daga intanet don ayyukan zane. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta kod cikin daƙiƙa, abin da ba mu fuskanta ba a zamanin Code-in. Ku yanke matsaya a kansu kafin a buɗe, ku rubuta ta a fili. Ni ma'aunina ɗaya ne, ko daga ina kod ya fito: ina tambayar ɗalibi ya bayyana mini dalilin da ya sa ya rubuta wani layi yadda ya rubuta shi. Wanda ya yi da kansa yana amsawa ko da cikin in'ina, wanda ya kwafo kuma yakan kauce wa tambayar. A karon farko ba na hukunci, ina bayani ne, domin sau da yawa jahilci ne ba ha'inci ba.

Sabuwar_Jagora ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na ari kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikinmu ba, na bi takardar girkawa kamar yadda Malam ya ce, kuma a mataki na uku na maƙale, domin umarnin da ke wurin ya daina aiki tun da muka sauya tsarin laburarenmu. Na riga na tura gyara. Cikin ayyukana goma sha biyu na soke bakwai, sauran biyar kuma na farfasa su suka zama goma sha huɗu. Maganar Malama a kan saƙon keɓe ban taɓa tunaninta ba, zan gabatar da ita a taron jagorori.

Saura tambaya ɗaya. Akwai sassan manhajar da ni kaina ban ƙware a kansu ba. Idan yaro ya tambaye ni abin da ban sani ba, ina tsoron kada ya raina jagorancin, ko ya ga kamar an haɗa shi da wadda ba ta dace ba.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Wannan zai faru, 'yar'uwa, wataƙila ma a makon farko, kuma za ki haɗu da ɗan shekara 16 da ya fi ki sanin wani fanni nesa ba kusa ba. Ki gaya masa gaskiya cewa ba ki sani ba, sannan ki nuna masa yadda za ki nemo amsar, domin wannan hanyar ita ce abin da ya fi buƙata daga gare ki. Ki rubuta a zaure cewa kin duba tarihin fayil ɗin da umarnin git log, kin ga wanda ya taɓa wurin a ƙarshe, ga tambayar da kike yi masa, ki kuma ambaci sunan ɗalibin a ciki don ya bi zancen. Da haka yake koyon yadda ake tambaya a buɗaɗɗiyar manhaja: a faɗi abin da aka gwada, a liƙa saƙon kuskuren yadda ya fito, a jira amsa ba tare da jin kunya ba. Idan jiran zai ci masa wa'adi, ki ƙara masa kwanaki tun kafin ya roƙa.

Na karɓi gyaran Mai_Kula_Da_Rumbu. Ayyukan maimaitawa na makon farko ne kawai, don a buɗe ƙofa, kuma ya dace a sa musu iyaka kamar yadda ya ce. Abin da zan ƙara shi ne ki buɗe takarda ɗaya da duk jagorori za su riƙa rubutu a ciki tun ranar farko, layi ɗaya ko biyu a kan kowane ɗalibi bayan kowane aiki: wanda ya karɓi gyara ya dawo, wanda ya amsa tambayar ɗan'uwansa a zaure, wanda ya ɗauki abu mai wuya ko da bai kai ƙarshensa ba. Idan aka zo zaɓe bayan mako bakwai, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai sai sunayen masu yawan magana. Sannan ki ware ayyuka uku ko huɗu masu ɗan girma waɗanda ba na gasa ba, ki ajiye su, domin a makon da aka rufe za a sami yara biyu ko uku da za su dawo zaure suna tambayar abin da za su yi na gaba, kuma ya kamata su tarar da amsa a shirye.